Abincin Titin Tailan: A Otal Za Ka Ci, Ko Ka Sauko Bakin Hanya?

Duk wanda ya sauka a filin jirgin Suvarnabhumi bayan doguwar tafiya daga Kano ta Adis Ababa, ya isa masauki ya watsa ruwa, abin da zai fara damunsa shi ne ciki. Zai sauko ɗakin cin abinci, a miƙa masa takardar jerin abinci, kuma a otal-otal da yawa na Bankok zai tarar da shafi guda da aka ware, an rubuta a samansa wai wannan abincin titi ne na asali. Ga hoton taliya da jatan lande, ga kwaɗon ɗanyar gwanda, ga shinkafa da mangwaro. Ta gilashin taga kuma yana hango wata mata a tsallaken titi tana juya kasko, wuta na tashi, mutane sun yi mata layi. Sunan abincin ɗaya ne, kuɗin ne ya ninka sau biyar ko shida. 'Yan'uwa masu zuwa sarin kaya a kasuwar Pratunam da masu rakiyar marasa lafiya asibiti sukan tambaye ni wanne ya fi. Na ci a nan na ci a can har na daina ƙirge, kuma abin da na gano shi ne amsar tana canzawa daga kwano zuwa kwano. Ga Musulmi mai kula da abin da ke shiga bakinsa kuwa, akwai wani lissafin daban da ya fi duk sauran nauyi, zan zo kansa.

Bari in fara da wuta, domin a nan otal ya fi shan kaye.

Rabin abincin titin Bankok a kasko mai zurfi ake yinsa, irin wanda baƙi 'yan Sin suka shigo da shi ƙasar. Murhun yana huci kamar na maƙera, mai tuya tana zuba mai, tafarnuwa, nama, ganye, ta girgiza sau uku ko huɗu, cikin minti biyu an gama. Wannan zafin yana ɗan ƙona gefen taliya ko shinkafa, ya bar wani ƙanshin hayaƙi da ba ya daɗewa. Daga kaskon zuwa gabanka taku uku ne. A otal kuwa, ko da kukun gwani ne, farantin zai jira a ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci har a gama na sauran mutanen teburin, sannan ma'aikaci ya ɗauko ya ratsa dogon zaure mai sanyin na'ura. Kafin ya iso, tururi ya koma ruwa, taliyar ta manne. Wanda ya taɓa sayen tsire a Kano ya tsaya ya ci a gaban tukuba, sannan wata rana aka kawo masa irinsa a naɗe a gida bayan awa guda, ya san bambancin da nake nufi.

Sai kuma yawan maimaici. Matar da ke bakin titi abu ɗaya ko biyu take sayarwa, shekara da shekaru, wataƙila ma gado ta yi. Hannunta ya san adadin gishirin ba tare da ta auna ba. Madafar otal kuwa tana ɗauke da jerin abinci mai shafi goma: akwai na Italiya, akwai na Indiya, akwai karin kumallon Turawa, na Tailan ɗaya ne daga ciki. Mai shayin da ya shekara ashirin a kwana ɗaya da yaron da ke haɗa shayi sau biyu a mako ba za su zo ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a otal shi ne rage wa abinci kaifi. Ɗauki pad kra pao, wanda shi ne abincin ranar ma'aikacin Bankok: niƙaƙƙen nama da aka soya da barkono da tafarnuwa da wani ganye, a ɗora kan shinkafa da soyayyen ƙwai. Ganyen, wato kra pao, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu ne, yana da ɗan yaji-yaji kamar kanumfari, kuma sunansa abincin ya ci. Wuraren da ke dafa wa baƙi sukan musanya shi da wani ganyen mai sanyin ƙanshi, su cika farantin da karas da albasa da ɗanyen wake don ya yi kyau a ido. Haka pad thai, wato soyayyar taliyar shinkafa. Tsaminsa na gaskiya daga tsamiya yake fitowa, zaƙinsa daga sukarin da ake dafawa da ruwan bishiyar kwakwa ko ta wata 'yar'uwar giginya, mai kama da mazarƙwaila. In ka ga pad thai ya yi ja wur, to da miyar tumatir ta kwalba aka haɗa shi, kuma zaƙi zai danne komai. Kama da wane ba ta wane.

Amma kada mutum ya ɗauka pad thai wani tsohon gado ne da otal ya zo ya ɓata. Gwamnatin Firayim Minista Plaek Phibunsongkhram, wanda ya canza sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ita ta tallata shi, ta ƙarfafa wa mutane su riƙa sayar da shi a amalanke, a zamanin da ake neman abincin da za a ce na ƙasa ne. Shi kansa barkonon da ake yi wa Tailan kirari da shi, 'yan kasuwar Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka. Don haka in ana maganar "asali", ni dai abin da nake dubawa shi ne ko ɗan garin zai biya kuɗinsa ya ci wannan kwanon ya dawo gobe.

Som tam ya fi kowane abinci tona asirin madafa. Kwaɗo ne na ɗanyar gwanda da aka yanka siri-siri, a daka a turmin yumɓu da taɓaryar katako tare da barkono, tafarnuwa, lemon tsami, tumatir, dogon wake, sukari da ruwan kifi mai gishiri. Daga yankin Isan na arewa maso gabas ya fito, leburori da direbobin da suka zo ci-rani Bankok suka yaɗa shi. A titi, mai turmin za ta tambaye ka barkono nawa za ta sa, ta daka a gabanka, wani lokaci ta ɗiba a cokali ta miƙa maka ka ɗanɗana kafin ta juye. Barkonon ƙanana ne irin tsiduhu, su suna kiransa "kashin ɓera", kuma guda biyu sun ishi baƙo ko da ya saba da attaruhu. A otal, sau da yawa an riga an haɗa ruwan kwaɗon tun safe, sai dai a zuba a gauraya. Ba a daka ba, gwandar ba ta sha komai ba. Ka saurara: in ka yi odar som tam ba ka ji ƙarar turmi daga ciki ba, ka san abin da ke tafe.

Wani gargaɗi a nan, kuma wannan a kan titin yake. Som tam iri-iri ne. Wanda ake kira som tam thai yana da gyaɗa da busasshen jatan lande, shi ne na baƙo. Akwai kuma mai pla ra, wato kifin da aka tsima da gishiri watanni, a haɗa da ɗanyar ƙaguwa. Pla ra a wurin mutanen Isan kamar daddawa take a wurinmu, wari a hanci daɗi a miya. Sai dai ɗanyar ƙaguwar ba ta cikin baƙo ba ce. Wani Alhaji da muka yi tafiya tare ya ce shi da ya ci kwaɗon rama da zogale a kowace tasha tsakanin Kano da Legas, ba abin da zai ba shi tsoro. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar wannan." Ya ce, "Kai dai tsoro ya yi maka yawa." Kwana biyu bai leƙa kasuwa ba, ni na riƙa yi masa ciniki ta waya.

To a ina otal ya yi nasara?

A tukunya. Duk abincin da ke son lokaci da kayan haɗi masu tsada, madafar babban otal na iya yinsa da kyau, wani lokaci fiye da titi. Miyar massaman misali ce: naman sa ko kaza da dankali da gyaɗa a madarar kwakwa, da kirfa da kanumfari da sauran kayan ƙanshin da Musulmi 'yan kasuwa suka shigo da su tun zamanin daular Ayutthaya. Sai ta yi awanni a wuta, kuma jira ba ya rage ta da komai. Haka tom yum kung, romon jatan lande mai tsami da yaji, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024. Daɗinsa yana ga girman jatan landen kogi da sabuntarsa, kuma otal yana da kuɗin sayen manya da firjin ajiye su. Mai amalanke da ke sayar da kwano a baht 60 (baht shi ne kuɗin Tailan) ba za ta sa maka irin waɗannan ba.

Akwai ma otal-otal da gidajen abincinsu suka yi suna a duniya. Nahm, wanda kuku ɗan Ostireliya David Thompson ya buɗe a 2010 cikin otal ɗin Metropolitan da ke titin Sathorn, ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafi kyau na Asiya a 2014. Mutumin ya tono girke-girkensa daga tsofaffin littattafan da manyan gidajen Tailan ke bugawa su raba wa jama'a a wurin jana'iza. Amma ka lura, irin wannan girkin na fada ne da gidajen masu hali. Shi ma na Tailan ne tsantsa, sai dai dabam yake da abin da ake ci a tsaye a bakin hanya. Ka'idata ke nan a otal: in nemi abin da ya fito daga tukunya, in bar abin da ya fito daga kasko da turmi. Shafin nan mai taken abincin titi shi ne mafi rauni a takardar, kuma shi baƙi suka fi yin oda daga ciki.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Farantin shinkafa ko taliya a titi yana kamawa daga baht 50 zuwa 80. Irinsa a otal mai matsakaicin daraja yakan kai 250 zuwa 400. Baht 100 kuwa ya kusa dala 3. Sannan ka duba ƙarshen farashin, in ka ga alamar tarawa guda biyu a jere, ma'anarta za a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ladan hidima, a kuma ɗora harajin kashi 7 a kan jimillar. Abincin da aka rubuta 350 zai zama 412 a rasit, ban da ruwan sha, wanda shi ma a otal ya ninka na kanti. Ɗan kasuwar da zai yi kwana goma, yana cin sau biyu a rana, bambancin ya isa ya ƙara masa dozin-dozin na kaya. Amma titi ma ba kullum yake da araha ba. Jay Fai, tsohuwar da ke tuya a kan gawayi sanye da tabarau irin na masu walda a titin Maha Chai, ta sami tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a Disambar 2017, kuma wainar ƙwanta mai ƙaguwa ta haura baht 1,000, ga jiran awanni.

Tsafta fa? Nan mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Suna ganin farin kyalle a tebur sai hankalinsu ya kwanta, suna ganin kujerar roba sai gabansu ya faɗi. A titi kana ganin komai da idonka: naman, man, hannun mai tuyar, ruwan wanke kwano. Abincin da ya fito daga wuta mai huci ya shiga farantinka nan take ba shi da haɗari sosai, kuma rumfar da ke da layi kayanta ba sa kwana. Abin gudu shi ne miyar da aka jera a tire tun safe rana na dukanta, da ɗanyen abincin ruwa, da rumfar da ba kowa a gabanta alhali maƙwabtanta sun cika. A otal ba ka ganin komai, amana ce kawai, kodayake manyan otal-otal suna da firji da ruwa mai kyau da masu sa ido. Inda nake ɗari-ɗari da su shi ne teburin ɗebi-da-kanka, inda abinci ke zaune awa uku da ɗumi-ɗumi. Ruwan famfo kada ka sha a ko'ina. Ƙanƙara mai siffar bututu da rami a tsakiya daga masana'anta take, ita ake sa wa a yawancin wurare, ban taɓa samun matsala da ita ba.

Akwai kuma jin daɗin zama. A watan Afrilu zafin Bankok yana haura digiri 35, ga gumi irin na bakin teku wanda ɗan Arewa bai saba da shi ba. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa na iya kecewa kana tsakiyar loma. Dattijo, ko mai jinya da aka hana shi gishiri da sukari, ko mace mai ƙananan yara, otal ya fi musu, domin a can za ka yi bayani da Turanci a fahimta, a kuma rage abin da ka ce a rage. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai ciwon sukari, don mutanen Tailan suna zuba sukari har a cikin romo. Ka kuma sani ranar Litinin yawancin masu sayarwa a gefen titi ba sa fitowa, ranar sharar titi ce a birnin. Wanda ya ɗauki tasi zuwa Yaowarat, unguwar 'yan Sin da ta fi ko'ina suna da abincin dare, a daren Litinin, zai tarar da rabin abin da aka ba shi labari.

Yanzu ga babbar magana. Tailan ƙasar mabiya addinin Buddha ce, Musulmi kusan kashi 5 cikin ɗari ne, kuma naman da ya fi yawa a titin Bankok alade ne. Sunansa mu. Kaza kai, naman sa nuea, kifi pla, jatan lande kung. Waɗannan tsinkayen nama masu ƙanshi da ake gasawa da safe a kowace kwana, masu kama da tsire, mu ping ne, alade ne. Pad kra pao in ba ka ce komai ba da alade zai zo. Sate, wani nau'in tsiren, wanda a Malesiya da Indonesiya na kaza ne ko na sa, a Bankok galibi na alade ne.

Za a koya maka ka ce "mai sai mu", wato kar a sa alade. Kalmar tana da amfani amma ba ta isa ba, kuma baƙo ko yana da ido makaho ne. Romon taliya da ƙashin alade ake dafa shi, ko da naman da aka ɗora a sama kaza ne. Tsofaffin masu tuya da yawa da kitsen alade suke suya, har da pad thai. Garin ɗanɗanon da ake barbaɗawa a miya yana da nau'i mai ɗanɗanon alade. Kaskon da aka soya wa na gabanka alade shi za a soya maka kaza, ba wanki a tsakani. Ita kanta kazar, wa ya yanka ta? Mai rumfar ba yaudararka take yi ba. Ka ce kar ta sa naman, ba ta sa ba, sauran a wurinta ba alade ba ne, girki ne kawai.

Sai mutum ya ce to bari in koma otal in huta. Tsugune ba ta ƙare ba. Madafar da ta soya naman alade na karin kumallon Turawa da safe ita za ta yi maka abincin dare, kuma wasu miyoyin ana zuba musu giya. Rubutun da ke cewa babu alade babu kitsensa bai ce komai a kan yanka ba. Fifikon otal a nan ɗaya ne: kana iya kiran shugaban madafa ka yi tambaya, kuma wasu manyan otal-otal da ke karɓar baƙi Larabawa da 'yan Malesiya suna da madafar halal dabam mai takardar shaida. Ka ce a nuna maka takardar. Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan ce ke kula da shaidar halal a ƙasar, tambarinta kalmar halal ce da Larabci a cikin zane mai kusurwa huɗu a tsaye kamar lu'ulu'u, za ka gan shi a jikin kayan kanti ma. Ƙasar ta ɗauki abin da muhimmanci saboda kasuwancin fitar da abinci, har Jami'ar Chulalongkorn tana da cibiyar kimiyyar halal mai gwada kayan abinci. Akwai kuma otal ɗin Al Meroz a unguwar Ramkhamhaeng, wanda gaba ɗayansa halal ne, ba a sayar da giya a ciki. Wanda duk ya fi son kwanciyar hankali a kan komai, can ya dace da shi, sai dai da ɗan nisa daga Pratunam.

Ni kuwa hanyar da na fi so ita ce in nemi masallaci. Inda duk masallaci yake a Bankok, akwai unguwar Musulmi a kewaye, akwai kuma rumfunan abincinsu, da wutar nan da turmin nan da farashin nan na titi, ba tare da zullumi ba. Ga mai sauka a Pratunam, mafi kusa shi ne lungu na 7 a titin Phetchaburi, inda masallacin Darul Aman yake, tafiyar ƙafa ce ko 'yar gajeriyar tafiya a babur. A Bang Rak, cikin lungu na 36 a titin Charoen Krung, akwai tsohon masallacin Haroon, kuma ranar Juma'a masu abinci sukan baje a harabar unguwar. Abin dariya, tsakaninsa da otal ɗin Oriental, wanda aka kafa tun 1876 kuma yana cikin mafi tsada a birnin, 'yan mintoci ne a ƙafa. Titin Ramkhamhaeng ma cike yake da rumfunan Musulmi. Alamominsu ba sa ɓuya: mace mai ɗankwali ko hijabi, namiji mai hula, koren allo mai jinjirin wata da tauraro. Ka yi sallama, za a amsa maka da fara'a.

A waɗannan rumfuna za ka sami abincin da shafin otal ba ya kawowa. Khao mok kai, shinkafa rawaya da aka dafa da kaza da kurkum, da soyayyar albasa a sama da wani koren miya mai tsami a gefe, 'yar'uwar dafadukan Indiya ce da ake kira biryani, kuma ba Bahaushen da na kai ya ci bai nemi ƙari ba. Farfesun jelar sa mai tsami da barkono, wanda ke warware gajiyar jirgi. Sate na sa da na kaza da miyar gyaɗa, wanda zai tuna maka da tsire, sai dai tasu gyaɗar a dame take da zaƙi, tamu a ƙuli take da yaji. Mataba, gurasa mai laushi da aka cusa wa nama aka soya. Da roti mai ayaba da ƙwai da madarar gwangwani, wanda ko a wajen unguwannin Musulmi yawancin masu yinsa Musulmi ne. Pad thai da pad kra pao da som tam duk suna nan, da kaza ko naman sa.

Lungu na 3 a titin Sukhumvit, unguwar Nana kusa da asibitin Bumrungrad, nan 'yan'uwanmu suka fi tururuwa, kuma halal ɗin ba shakka a kansa. Amma abincin Larabawa ne da na Indiya da Pakistan ya fi yawa. In kewar gida ta dame ka, je ka ci shinkafa da rago. In abincin Tailan kake nema, ba nan ba ne.

A titin gama-gari ma akwai abin da za ka ci hankali kwance. Shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, wadda ta fi daɗi a Afrilu da Mayu lokacin da mangwaro ya nuna. 'Ya'yan itatuwa da ake yankawa a gabanka. Kifin da aka lulluɓe da gishiri aka gasa a gawayi. Mu da muke bin mazhabar Malikiyya, abin da ya fito daga ruwa bai zama mana matsala ba, kuma ruwan kifin nan da ake sa wa kowane girki, nam pla, ƙananan kifi ne da gishiri kawai aka tsima. Sai khanom khrok, wanda ranar da na fara ganinsa na tsaya ina dariya ni kaɗai: ƙullun shinkafa da kwakwa ake zubawa a tanda mai ramuka, sak irin ta masu waina, har yadda ake ɗago shi da cokali.

Tsakanin otal da titi akwai zaɓi na uku da bai kamata a raina ba, wato zauren abinci na manyan kantuna. Kana sayen kati ka sa masa kuɗi, ka zagaya rumfuna, abin da ya rage a mayar maka. Akwai sanyi, akwai wurin zama da bayan gida mai tsafta, farashin kuma bai fi na titi da yawa ba. Pier 21 a cikin Terminal 21 da ke Asok ya yi suna da araha, SookSiam a cikin ICONSIAM, wanda aka buɗe a 2018, ya tara abincin larduna daban-daban a wuri ɗaya. Kowace rumfa da abin da ta ƙware a kai, a gabanka ake tuyawa, kuma a irin waɗannan zauruka akan sami rumfa ɗaya ko biyu masu tambarin halal. Wutar ba ta kai ta titi huci ba, amma ta fi ta otal kusa da kai. Mai iyali, nan na fi tura shi.

In ka zauna, ko a ina ne, za ka ga 'yan kwalabe huɗu a tebur: sukari, garin barkono, ruwan kifi, da ruwan tsami mai yankakken barkono. Mai girki ta yi nata, saura naka, ka gyara yadda harshenka ke so. A otal da yawa sai ka roƙa ake kawo su. Da cokali ake ci a hannun dama, cokali mai yatsu a hagu aikinsa tura abinci kawai. Shinkafa mai danƙo da hannu ake cinta, a murza loma a dangwala, wannan ba sai an koya mana ba. Ita kuwa farar shinkafarsu mai ƙanshi, hom mali, ba ita ce 'yar Tailan da muka sani a buhu a kasuwar Singa ba. Waccan turararriya ce da suke yi don fitarwa waje, su ba ita suke ci ba. "Mai phet" na nufin ban da yaji, "phet nit noi" yaji kaɗan. Ya kamata Bahaushe ya ce kaɗan a titi, amma a otal ya ce a yi masa kamar na ɗan gari, in ba haka ba za a kawo masa abin da ko yaron goye ba zai sa shi kuka ba.

Ga yadda nake raba kwanakina. Daren da na sauka ba na wahalar da kaina: in otal ɗin yana da shaidar halal in ci massaman da shinkafa, in ba shi da ita in tambayi yadda ake dafa kifinsu ko in wadatu da 'ya'yan itace da burodi in kwanta. In zan karɓi baƙo ko mu zauna da dillali a yi lissafi, otal, domin ba a ciniki ana share gumi babur na wucewa ta bayan kujera. Ranar da ruwa ya tsare ni, zauren abinci na kanti mafi kusa. Duk sauran kwanakin, in na tashi daga kasuwa da la'asar, sai in nufi Darul Aman, in yi magariba, in fito in duba rumfar da matan unguwar suka fi yi wa layi da ledojinsu, in bi bayansu.